Awakin Kaka Masu Tsagaggen Kunne

Kakata ta wajen uba ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan an gama tatsa. Duk wanda ya san ta zai ce ai dama ba za ta tafi ta bar akuya da nono a hantsa ba. Daga Allah take, gare Shi ta koma, mu ma muna bin sahu.

Kwana uku muna karɓar gaisuwa, maza a ƙofar gida kan tabarmi, mata a tsakar gida, awaki kuma a turakunsu bayan rijiya suna ta kuka don ba su ga mai su ba. Na zauna ina sauraron abin da masu ta'aziyya ke faɗa. "Allah ya ji ƙan Hajiya, mace mai haƙuri." Wannan ba haka ba ne. Kaka ba ta da haƙuri, a wurinta na gaji rashinsa. "Ba ta taɓa sa-in-sa da kowa ba." Ni kaɗai na yi da ita ya fi a ƙirga. Wata ta ce, "Allah sarki, tsohuwa mai awaki," kamar dai tana maganar mai ajiye kyanwa. Baffana kuwa, babban ɗanta, tun rana ta biyu ya leƙo ya toshe hanci ya ce da mahaifiyata, "Da an yi addu'ar bakwai a kira dillali. Gidan nan ya huta da wari."

Mutum biyu ne suka yi gaisuwar da na yarda da ita. Na farko wani dattijo ne daga Koki, jikan Larabawan nan fatake, wanda Kaka ke kira Alhajin Koki. Shi ma mai kiwon awakin nono ne, kuma shi ne abokin hamayyarta tun kafin a haife ni. Ya yi sallama a zaure ya ce a ba shi izini ya ga dabbobin. Mata suka gyara lulluɓi, na shigo da shi. Ya dogara sandarsa ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Shekara da shekaru ina jiran ranar da za ta ce na fi ta. Ta tafi ba ta faɗa ba." Ya share ido da hannun riga ya fita.

Ta biyu goggona ce, 'yar ƙanwar Kaka, wadda rikici ya koro daga Barno. Kwana ukun nan a bakin ƙofa ta zauna, kusa da inda ake tuɓe takalma. Ba ta shigo tsakar gida ba, ba ta ci abinci ba, ba ta kalli wajen turaku ba ko sau ɗaya. Ni na san dalili, kuma da hannuna a ciki.

Na rubuta wannan ne don kada a tuna da Kaka a matsayin tsohuwar da gidanta ke wari. Aiki ta yi, na kusan duk rayuwarta, kuma saura kaɗan aikin ya bi dillali kasuwa.

Asalinmu Barebari ne, amma kakannin kakanni suka zauna cikin birni, ba abin da ya rage mana na can sai turaren wuta da 'yan kalmomin da Kaka ke zagi da su. Da aka kawo ta gidan nan amarya, cikin kayanta akwai farar akuya mai dogayen ƙafafu irin ta Barno. Ita ce uwar duk awakinmu. Kaka ta lura farar tana da nono amma ba ta jure zaman birni, jajayen nan namu kuma suna da juriya amma nononsu ba ya wuce na 'ya'yansu. Sai ta fara haɗa su, tana zaɓa, tana sake haɗawa. Ba ta yi karatun boko ba. Abin da aka koya mana a ajin aikin gona a sakandare da zane a allo, na dawo gida na tarar tana yin sa da igiya da turke.

Kowa ya san yadda akuya take a birni. Da safe a buɗe mata ƙofa ta tafi yawon bola, ta ci leda ta ci takarda, duk bunsurun da ta gamu da shi a lungu shi ne uban 'ya'yanta. Na Kaka ba sa fita. In lokacin barbara ya yi, ita ke zaɓen bunsuru, kuma ba ta kallon girmansa ko kyan gemunsa. "Kada ki tambayi bunsuru," in ji ta, "shi ba ya tatsuwa. Je ki ga uwarsa." Ta taɓa zuwa har Ƙofar Na'isa a ƙasa don kawai ta ga ana tatsar uwar wani bunsuru da aka yaba mata, ta tsaya aka gama, ta ce sannunku, ta juyo ba ta karɓe shi ba. Matan unguwa suna yi mata tsiya wai ta fi bincike a kan auren akuya fiye da na 'ya'yanta. Ta ce, "'Ya'yana suna da baki, su za su faɗi wanda suke so."

Sunayen mazubi take ba awakinta: Tulu, Randa, Ƙwarya, Buta. Duk wadda aka haifa a gidanmu sai ta tsaga mata kunnen hagu kaɗan da aska, ta shafa toka. Tana da wani kwanon sha na silba da ta yi wa zane da ƙusa daga ciki, shi ne ma'auninta. Akuyar unguwa da ƙyar ta rufe gindin kwanon. Tulu kuwa tana cika shi da safe har kumfa ta zubo, da yamma ta sake kai shi zanen sama. Abincinsu harawa ce da dusa da ƙowar wake, da 'ya'yan gawo in an samu, da ɗan jiƙon kanwa. Ba ta yarda a tatsa da hannu mai sanyi, ba ta yarda a tatsa ana hira. Ni kuma ba na iya yin shiru, don haka sau da yawa ana kora ta. "Tashi, sarauniyar gaggawa. Nono ba famfo ba ne."

Nonon ba ya kwana. Masu jego, masu yaye, tsofaffin da haƙori ya ƙare, kowa da kwalbarsa. Wanda ya rage ta yi kindirmo, mu dama fura. Ni dai na girma ban san yunwar safe ba.

Duk shekara bayan kaka ma'aikatar gona takan yi nunin dabbobi a wani fili bayan ganuwa. A ɓangaren awaki ana duba tsayuwa da ƙafafu da hantsa, sannan a tatsa a gaban alƙalai a auna. Nan Kaka da Alhajin Koki suke haɗuwa. Nasa awakin 'yan waje ne, manya, masu kunnuwa har wuya.

"Hajiya, an fito da 'yan ƙananan?" in ji shi.

"An fito, Alhaji. Ina masu kunne? Na ga bana sun ƙara tsawo. A kunnen ake tatsa?"

"Za ki gani a ma'auni."

"Zan gani. In ka rasa, ka matse kunnen."

Wata shekara shi ya ci, wata shekara ita. Kyautar ba ta wuce bokiti ko bargo da takardar shaida. Bargunan duk ta ba da su, takardun kuma suna ƙarƙashin katifarta har yau. Ya taɓa aiko mata yana son ɗan bunsuru daga wajenta, ta aika masa da ɗan Tulu tare da saƙo: "A ce masa ga magani nan."

Abin da muka fi yin faɗa a kansa shi ne kyautarta. Kaka tana da wata ɗabi'a: duk shekara, cikin 'yan matan awakin da aka haifa, wadda ta fi kyau ita take bayarwa. Ba ta biyu ba, ta ɗayan. Kuma ba ta ba maƙwabta, sai ta nemi wata mace a unguwa mai nisa. Sharaɗinta uku ne. Ba a sakin ta yawo. Ba a yi mata barbara sai da bunsurun da Kaka ta yarda da shi. In ta haifi mata, wadda ta fi kyau ke ma ki bayar, a wata unguwar.

Shekarar da nake aji biyar, mun je nuni da Tulu, na wanke ta na goge mata kofato, na tabbata namu ne. Aka tatsa aka auna. Alhajin Koki ya zo na biyu, mu na uku. Wadda ta ci wata bazawara ce daga Goron Dutse, da akuya mai tsagaggen kunnen hagu. Randa ce, ƙanwar Tulu, wadda Kaka ta ba ta shekara uku da suka wuce. Ina tsaye ina cizon yatsa sai na ji guɗa a bayana. Kaka ce, hannu a hanci, tana rangaɗa ta a gaban jama'a.

A hanya ban iya daurewa ba. Na ce, "Kaka, wai ke wace irin mace ce? Kin yi wahala shekara da shekaru, kin ɗauki wadda ta fi kin ba wata, ta zo ta kayar da ke da ita, kina guɗa."

"Wa ya kayar da ni?"

"Na uku fa kika zo."

"Na ɗaya 'yata ce. Na biyu jikata ce, ba ki ga ƙafafunta ba? Na uku tawa ce. To wa ya kayar da ni?"

"Bokitin dai ba ke kika ɗauka ba."

"Muna da bokiti a gida." Ta ja igiyar Tulu ta ƙara da cewa, "'Yar boko, manomi ba ya ajiye irinsa duka a rumbu ɗaya. Gara na shiga, gobara na tashi."

Na ce mata wannan hatsi ne, mu awaki muke magana. Ta ce in yi mata shiru kaina na ciwo, wato nata.

Wannan shi ne nuni na ƙarshe kafin shekarun tashin bama-bamai. Wanda ya zauna a Kano lokacin ba ya buƙatar bayani. Dokar hana fita, shingen bincike a kowace hanya, mutum ya ga leda a gefen titi ya canza hanya. Aka daina duk wani taro, nunin dabbobi ma ya tsaya. Masu kawo harawa daga ƙauye suka rage shigowa, malamin dabbobi da ke zagayawa yin allura ya daina zuwa. Kaka ba ta fasa komai ba. Ranar da aka ji ƙara mafi girma, muna tsakar gida tana tatsar Tulu, kwanukan kicin suka yi ƙara, ni na durƙushe. Ita hannunta bai tsaya ba. Sai da ta gama ta ɗora kwanon a gefe, sannan ta ce, "Innalillahi. Je ki duba ko ubanki ya dawo." Da aka rasa harawa, ta bi gidajen masu ƙosai da masu alale tana karɓar ƙowar wake, tana ba su nono. Da shaguna suka yi kwanaki a rufe, a ƙofarmu masu jarirai da masu yaye suka yi layi. Zan faɗi abin da wasu ba za su so ba: a cikin gidanmu shekarun nan ba duka ne baƙi ba. Kowa yana gida da wuri, ana cin abinci tare, Kaka na ba da labarin kowace akuya har kakanninta.

A shekara ta biyu goggona ta iso. Motar kaya ce ta sauke ta, da ƙullin tufafi ɗaya da awaki uku ramammu. An kashe mijinta, an ƙone garinsu. Da ƙafa ta fito da awakin nan ta daji kwana da kwanaki kafin ta samu mota. Ta tsaya a zaure riƙe da igiyoyinsu.

Kaka tana da doka wadda ba ta taɓa karyawa ba: baƙuwar dabba ba ta haɗuwa da nata sai ta yi mako biyu ɗaure daban. Ko bunsurun aro ne sai ya yi zaman zaure. Na kalli awakin nan na ga ɗaya tana majina, idonta na kwantsa. Na ja Kaka gefe na ce, "A ɗaure su a waje, a jikin bishiyar ƙofar gida."

Ta kalle ni, ta kalli goggo. Sai ta karɓi igiyoyin da hannunta ta wuce da su bayan rijiya, ta ɗaure su a turke kusa da Tulu, ta zuba musu dusa a kwano ɗaya da namu. "Ga gidanku," in ji ta. Ban san ko da awakin take ko da goggo ba.

Kwana shida Buta ta daina cin abinci. Majina, tari, zawo. Muka nemi malamin dabbobi, sai rana ta huɗu ya samu shigowa, ya ce an makara. Cikin mako biyu, daga awaki goma sha ɗaya saura tsofaffi biyu da suka daina haihuwa. Bunsurunmu ya tafi. Na goggo ukun duk sun tafi. Tulu ce ta ƙarshe, kanta a cinyar Kaka.

Ranar da aka fitar da Tulu na tarar da goggo a bakin murhu, na ce mata, "Kin ga abin da kika kawo mana." Haka na faɗa, ba zan gyara shi a takarda ba. Ta ajiye muciyar ta shiga ɗaki.

Kaka ta ji. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Zo nan. Wa ya ɗaure su a turken?"

"Ke."

"To ga mai laifin nan zaune, ki zage ni. Mace ta baro miji a ƙasa, ta baro gida toka, abin da ya rage mata a duniya awaki uku. Ta iso ƙofar 'yar uwar uwarta, in ce mata naki ba su isa shiga ba, ɗaure su a titi?"

"Amma ai kin san cuta ce. Ke kika koya mini."

"Na sani."

"To kuskure ne."

Ta kalli turken Tulu. Sannan ta ce, "Kuskure ne. Da za a sake, a zaure zan ɗaure su, in shimfiɗa tabarmata a wurin in zauna da su mako biyun, don kada ta ga kamar ƙyama ce. Bai zo mini ba a lokacin. Fuskarta na gani." Ta nuna ni da yatsa. "Ke kuma kin yi gaskiya a kan awaki, kin yi ƙarya a kan mutum. Je ki ba ta haƙuri."

Na je na ce ta yi haƙuri, a tsaye, da bakin da bai kai zuci ba. Ta ce ba komai. Daga ranar ba ta sake shan nono a gidanmu ba. Bayan wata biyu ta samu ɗaki a Ƙofar Na'isa ta koma, tana wankau da surfe. Kaka ta bi ta sau uku da maganar kiwo, ta ce ita ta gama da dabba har abada.

Ni a ganina aikin Kaka ya ƙare. Ita kuwa ta sa aka kwashe ƙasar wajen turaku aka zuba sabuwa, aka ƙone tsofaffin igiyoyi, ta bar wurin ya sha rana wata biyu. Wata safiya ta ɗauki mayafi ta ce, "Tashi mu je rumbu."

Goron Dutse muka nufa, a ƙasa. Bazawarar nan tana ganin mu ta gane, don labari ya riga mu. Ba ta bari Kaka ta buɗe baki ba. Ta ce, "Hajiya, Randa ta haifi mata biyu bana. Dama ina neman wadda zan ba ta farkon. Sharaɗi ya ce unguwa mai nisa, ke kuma ai kin yi nisa." Suka yi dariya har Kaka ta zauna a kan turmi. Kafin mu tashi matar ta lissafa mata inda sauran suke, wadda ta ba wata a bara, da wadda waccan ta ba wata. Kaka tana gyaɗa kai, duk ta san su. Ni ce kawai ban san gidaje nawa ne a birnin nan ke da akuya mai tsagaggen kunne ba.

A hanyar dawowa muka iso shinge. Ana sauke mutane daga mota ana dubawa. Wani jami'i ya kalli tsohuwa da 'yar akuya a igiya ya ce, "Mama, ina za ki kai ta?"

"Gidansu za ta, ɗana. Ni rakiya na yi."

Ya yi murmushi ya ɗaga mana hannu.

Ƙwarya muka sa mata. Saura bunsuru, kuma na san Kaka ba za ta roƙa ba. Ba ta roƙa ɗin ba. Da Ƙwarya ta isa barbara, sai ga a-daidaita-sahu a ƙofar gida, da ɗan Tulu a ciki ya zama ƙato, da saƙon Alhajin Koki: "A gaya wa Hajiya ba tausayi ba ne. In aka dawo da nuni ba na so in ci a banza." Kaka ta ce a ce masa ta ji, kuma bunsurun zai yi mako biyu a zaure, don ba ta san irin ƙazantar Koki ba. Mako biyun kuwa ya yi, baffana na tsallake shi yana tsaki.

Haka gida ya sake cika, a hankali. Ba a dawo da nunin ba sai da ƙafafun Kaka suka gaza, ba ta sake zuwa filin ba. Ban ga ya dame ta ba. Da safe takan zauna a kujerarta 'yar tsugunno, ni ina tatsa ita tana gyara mini. Na koyi yin shiru, na minti goma dai.

Cikin 'ya'yan Ƙwarya akwai wata da aka haifa ƙarama, Kaka ta sa mata Moɗa. Da ta tasa sai ta fi kowa, faɗin baya, tsayuwar ƙafa, komai na Tulu. Na san abin da zai biyo baya, na fara kumbura tun kafin a yi magana. Ran nan Kaka ta kira baffana da mahaifina, ta ce su zama shaida. Ta miƙo mini igiyar.

Na ce, "Ni ai a gidan nan nake. Ina nisan?"

"Aure za ki yi, ki tafi da ita. In kuma ba wanda ya iya da bakinki, to nisan halinki da nawa ya isa." Ta riƙe igiyar ba ta saki ba. "Kin san sharaɗi?"

"Na sani."

"Faɗi na ukun."

Na faɗa. Sannan ta saki.

Bayan addu'ar bakwai dillali ya zo kamar yadda baffana ya ce. Gado ne, ban da ta cewa. Amma Alhajin Koki da bazawarar Goron Dutse sun riga dillalin, suka sayi awakin suka raba su tsakaninsu, ba wadda ta je hannun mahauci. Da aka zo kan Moɗa baffana ya ce, "Wannan ba ta ciki, ni shaida ne." Ya toshe hanci ya ƙara da cewa, "Sai ki dinga share wurin." Allah ya saka masa, bai taɓa son akuya ba amma bai ci amana ba.

Moɗa tana da ciki lokacin rasuwar. Wata biyu bayan nan ta haifi mata biyu. Na duba su kamar yadda aka koya mini, na sake dubawa ko zan ga abin da zai sa in ce daidai suke. Ba daidai suke ba, ta farkon ta fi nesa ba kusa ba. Wata uku ina kallon ta tana girma ina gaya wa kaina ba wanda zai sani in na ba da ta biyun. Baffana bai san bambancin akuya da tunkiya ba. Ranar da na yaye su na ɗauki aska na tsaga musu kunne, na sa wa ta farkon igiya, na ɗauki turke da guduma a buhu, na nufi Ƙofar Na'isa.

Goggo tana surfe na yi sallama. Ta ga abin da ke bayana ta ajiye taɓarya.

"A'a. Mayar da ita."

"Ba zan mayar ba, Goggo."

"'Yar nan, ni hannuna ba shi da kyau a kan dabba. Kin fi kowa sani."

"Abin da na faɗa miki ran nan ƙarya ne. Haƙurin da na ba ki ma na baka ne. Yau na zo ba da na gaske, ga shi nan da ƙafa huɗu, kuma ya gajiyar da ni a hanya."

Ta rufe fuska da gefen zani. Ni ba na iya tsayuwa ina kallon mutum na kuka, sai na nemi inuwa a gindin katanga na fara kafa turke. Ƙasar wurin da tauri. Ina bugawa ina jero mata sharaɗi, ba yawo, ba bunsurun lungu, in ta haifi mata ki ba da wadda ta fi. Ina cikin na ukun na ji an karɓe gudumar daga hannuna.

"Ba nan ba," in ji ta. "Rana na dukan nan da la'asar. Kawo shi can." Ta durƙusa ta buɗe bakin 'yar akuyar ta duba, ta shafa bayanta har ƙasa, ta taɓa tsagar kunnen. "Wannan ai ita ce babbar. Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Ki ɗaure ta kafin in canza ra'ayi."

Ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ɗaure. Ta ce Kaskon Turare za ta sa mata, na ce sunan ya yi tsawo, ta ce ba ni na haife ta ba.

Allah ya ji ƙan Kaka, ya yafe mata kuskurenta, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba. Ya shayar da ita kamar yadda ta shayar da 'ya'yan mutane a shekarun da ba a buɗe shago. Wanda ya karanta wannan, in ya shiga wani gida a birni ya ga akuya ɗaure a inuwa da tsaga a kunnen hagu, ya yi mata addu'a. Kwanon silbar yana wurina. Jiya da safe Moɗa ta kai zanen sama, na juya in nuna, kujerar ba kowa. Na juye nonon a kwalba na kai wa goggo, ta sha a gabana.